Gurbi Shida

Shekara talatin da takwas ina walda a bakin ruwan Turku.
Jiragen da na ɗinke da wuta suna can suna yawon teku,
wasu ma tuni an yanka su, an sayar da ƙarfen.
Yanzu hannuna rawa yake,
ko kofin shayi sai na tallabe shi da biyu.

Ga Sohvi, jikata, ta mamaye min teburin cin abinci
da kwali da almakashi da takarda mai gida-gida.
Wai jirgin sararin samaniya take ƙerawa,
ɗan ƙarami, na mutum huɗu,
don wasan da suke yi daren Alhamis,
ita da Eelis da Pihla
da wani zanƙalele, Untamo,
wanda ba ya cire hula ko a cikin ɗaki.

Ta ce, Kaka, ga doka: gurbi shida, ba ƙari.
Kati ɗaya ɗakin matuƙi, kati ɗaya inji,
huɗun da suka rage kowa da son ransa,
tankin ruwa, rumbun kaya, bindiga, gadon jinya,
ko lambun da ke dafa wa mutane iska.
In ka gaji da ɗaya ka zare, ka cusa wani,
kamar aljihun tebur.

Na ce, to ina mahaɗa?
Ta ce, wace mahaɗa?
Na ce, 'yar nan, jirgi ba ya mutuwa a tsakiyar faranti,
a ɗinki yake mutuwa,
inda wancan ya ƙare, wannan bai gama farawa ba.
Ta yi shiru tana tauna fensir.
Washegari na tarar da sabon layi a littafinta:
kowace mahaɗa a jefa mata ɗan lido,
in ya tsaya kan ɗaya, iska ta fara zurara.
A gefe, da ƙananan haruffa: Dokar Aulis.

Alhamis ta zo, duhu tun ƙarfe huɗu,
dusar ƙanƙara ta kai gindin taga.
Untamo ya zare tankin ruwa
ya cusa bindiga ta biyu.
Na yi gyaran murya daga kicin, ba wanda ya waiwayo.
Pihla ta ce, tafiyar kwana tara ce kawai.

Ɗan lidon ya faɗo daga tebur,
ya gangara ƙarƙashin kabad,
su huɗu a durƙushe da fitilar waya.
Ɗaya.
Ɗinkin inji ya buɗe baki,
kwana tara ta koma arba'in
a bayan wani wata da Sohvi ta ƙago
ta raɗa masa sunan kyanwarmu.
Suka yi ta musu kan kofin ruwa na ƙarshe
alhali buta na ta fito a bayansu.
Eelis har muryarsa ta shaƙe.
Ba a fafe gora ranar tafiya, amma na haɗiye maganata.
Untamo ya cire hula,
ashe jan gashi gare shi.

Da suka watse na yanko kwalin biskit,
na zana ɗaki guda:
benci, ƙusa ta rataye riga, buta.
Na ajiye shi cikin katunanta.

Da safe ta ɗaga shi sama.
Kaka, wannan me yake ƙarawa? Gudu? Ƙarfi?
Na ce, ba ya ƙara kome,
wurin da mai walda zai zauna ne
ya jira ƙarfe ya huce.
Ta ce, zai cinye gurbi guda fa.
Na ce, na sani.

Ta juya shi, ta sake juyawa,
ta ce, bangonka ya karkace.
Ta jawo rula.